Mai Cin Waken Ba Ya Wurin Ciniki

Duk wanda ya bi hanyar Wudil zuwa Gaya a cikin watan Nuwamba ba sai an gaya masa kaka ta yi ba. Ga amalanken shanu an labta masu harawa, ga mata a bakin gidaje suna bugun wake suna shiƙa, ga kuma 'yan sari a kan babura da buhuna ɗaure a baya suna kutsawa ƙauyuka. Daga Kademi ta ƙasar Gaya har zuwa Toranke da Balare ta ƙasar Ajingi abin da ake yi ke nan. Manomi yana bukatar kuɗi nan take domin bashin taki da hidimar biki, mai ɗan jari kuwa yana saye da araha ya ajiye, yana jiran bazara sa'ad da wake zai yi daraja. Tsohuwar sana'a ce, ba ta kuwa da aibu. Da yawa daga cikin 'yan'uwanmu da ita suke biyan kuɗin makarantar yara.

Amma wake yana da abokin gaba, wato ƙwaro. Tun a gona yake saka ƙwansa. Tsutsar takan girma a cikin ƙwayar waken tana ci, cikin wata guda ta zama ƙwaro ta huda ta fito, ta sake saka nata ƙwan. In aka bar wake a buhu irin wanda aka saba, kafin wata huɗu ko biyar sai a tarar da huji da gari. A nan ne mai ajiya yakan tsaya gaban wata shawara wadda ba ta kuɗi kaɗai ba ce.

Wata Lahadi cikin watan Maris, bayan an tashi daga sujada, wani dattijo daga cikin masu bi ya tsaya har kowa ya watse. Ya yarda mu ba da labarinsa, amma ban da sunansa da na ƙauyensu. Ya ce, "Malam, ina da magana, amma ba ta cikin mutane ba ce." Muka ce, "To Baba, mu zauna."

Ashe da kaka ya sayar da bijimai biyu da ya kiwata, ya haɗa da kuɗin adashen uwargidansa, ya sayi wake buhu 30. Ya barbaɗa barkono da toka kamar yadda ya ga iyayensa suna yi, ya jera a ɗaki ya kulle. Ranar da ya je dubawa, yana cusa hannu cikin buhu sai ya ji ɗumi, ya ciro hannun da gari da ƙwari. Wani abokin sana'arsa ya ba shi shawara: ya sayi Sniper ya yayyafa, ya juya waken, ya sake ɗinke buhunan, ya sayar wa masu kai kaya Dawanau kafin mako ya zagayo.

Baba ya zo da hujjojinsa a shirye. Ya ce kowa haka yake yi. Ya ce kafin waken ya kai Legas maganin ya fita, kuma ai wankewa za a yi a dafa. Sa'an nan ya ce mutum 11 ne a wuyansa, in jarin nan ya karye yara biyu za su bar makaranta. Ya dube mu ya ce, "Malam, wannan zunubi ne ko dabara?"

Ba mu amsa masa nan take ba. Muka roƙe shi kwana biyu, da sharaɗin kada ya taɓa buhunan. Abin da muka tattauna da shi bayan haka shi ne muke so mu shimfiɗa a gabanku, gama mun san ba shi kaɗai ke da wannan tambaya ba.

Hanyar da buhu ke bi

Waken da aka ɗinke a Ajingi ba a Ajingi ake cinye shi ba. Daga hannun ɗan sari yakan shiga hannun dillali a Gaya ko a Wudil ranar Jumma'a, daga nan sai Dawanau ta ƙasar Dawakin Tofa, inda manyan motoci ke lodi zuwa Legas da Ibadan da Anacha da Fatakwal, har da ƙasashen maƙwabta. Nijeriya ce ta fi kowace ƙasa a duniya noman irin wannan wake namu, Nijar tana biye da ita. Saboda haka wanda zai ci waken Baba wata yarinya ce a makarantar kwana, ko wani lebura da ke karya kumallo da ƙosai a bakin titi. Sa'ad da ake tayi ana albarka ana sallamawa, ba ya nan. Ba zai shinshina buhun ba, ba zai tambayi kowa ba.

Wannan doguwar hanya ita ce ta rushe hujjar Baba ta biyu. Gaskiya ne ƙarfin maganin yana raguwa da daɗewa. Amma kowane hannu da buhun ya shiga yana tsoron ƙwaro, ba wanda kuma yake rubuta a jikin buhu cewa ya sa magani ran kaza. Sai na biyu ya ƙara a kan na fari, na uku ya ƙara a kan na biyu, mai awo a Legas kuwa ya buɗe ya sayar washegari. Sinadarin da ke cikin Sniper, wanda ake kira DDVP, shi ne kuma ake haɗa fiya-fiya da shi. Jijiyoyin ƙwaro yake kamawa, haka kuma yake kama na ɗan Adam: amai, gudawa, zufa, dalalar miyau, numfashi da ƙyar. Ba a yi shi domin a cuɗanya da abinci ba.

Ba tatsuniya muke yi ba. A 2008 ɗalibai fiye da 100 na makarantar sakandaren 'yan mata ta gwamnati da ke Doma a Jihar Gombe aka kwasa zuwa asibiti bayan sun ci wake, binciken hukumar NAFDAC kuma ya gano irin gubar da ke cikin gamalin a abincin. A watan Yuni 2015 Tarayyar Turai ta dakatar da shigar da busasshen wake daga Nijeriya, domin an yi ta samun DDVP a cikinsa daga miligiram 0.03 har zuwa 4.6 a kowane kilo, alhali iyakar da suka yarda da ita 0.01 ce. Aka ƙara wa'adin hanin a 2016, aka sake ƙarawa a 2019. Manomin da bai taɓa sayen kwalbar magani ba shi ma ƙofar ta rufe masa. Wake ɗaya shi ke ɓata gari. A Nuwamba 2018 hukumar kare haƙƙin masu saye ta ƙasa ta gargaɗi jama'a a kan wake mai Sniper, a 2019 kuma NAFDAC ta hana sayar da maganin barkatai a kasuwanni da kantuna.

Ma'auni uku

Masana ilimin ɗa'a sun daɗe suna gardama a kan yadda mutum zai gane abin da ya kamata ya yi. In aka tace maganganunsu za a sami manyan ma'auni uku. Abin da ya ba mu mamaki shi ne, Baba bai taɓa jin sunan ko ɗaya daga cikin masanan ba, amma hujjojinsa sun taɓo dukan ukun.

Na farko shi ne ma'aunin sakamako. Wani Bature ɗan Ingila mai suna Jeremi Bentam, wanda ya rayu daga 1748 zuwa 1832, shi da Jon Stuwat Mil da ya biyo bayansa, sun koyar cewa aiki ba shi da kyau ko muni sai ta wurin abin da ya haifar. A tara amfanin da zai kawo wa mutane a gefe guda, a tara wahalar a gefe guda, wanda ya rinjaya shi ne hukunci. Ɗan kasuwa yana son wannan ma'auni domin ya yi kama da lissafin riba da faɗuwa. Da shi Baba ya auna sa'ad da ya ce mutum 11 ne a wuyansa.

Amma fa Bentam ya sa sharaɗi, wato a ƙirga kowa, kowane mutum kuma nauyinsa ɗaya. Ɗan mai tuyar ƙosai a Anacha da ɗan Baba daidai suke a kan sikeli. Sai muka yi lissafin tare. Buhu yana cin kwano 40. Buhu 30 kwano 1,200 ke nan. In kowane kwano ya shiga tukunyar gida guda, gidaje 1,200 ne za su ci. Baba ya yi shiru, sa'an nan ya ce bai taɓa ƙirga su ba. Wannan shi ne raunin ma'aunin sakamako a hannun ɗan kasuwa: mai lissafin shi ne mai cin ribar. Hasararsa tana gabansa yana ganinta, ta wancan kuwa tana nesa, ba suna ba fuska, kuma wataƙila ce. Zuciya takan ɗora wa abin da ido ke gani nauyi, ta rage wa abin da ba ta gani. Akwai kuma wani rauni da ya fi wannan. A ce lissafin ya nuna yaro ɗaya ne tak zai kwanta asibiti, gidan mutum 11 kuwa ya tsira. Ma'aunin nan shi kaɗai zai iya cewa a yi. Lamirin kowannenmu kuwa ya san ba a nemi yardar wannan yaro ba.

Daga nan ma'auni na biyu yake farawa, wato na wajibi. Imanuwel Kant, Bajamushe, wanda ya rayu daga 1724 zuwa 1804, ya ce akwai abin da ya wajaba a kan mutum ko da me zai biyo baya. A littafin da ya fitar a 1785 ya ba da gwaji: ka duba ƙa'idar da kake shirin bi, ka tambayi kanka ko za ka so ta zama dokar kowa da kowa. Baba ya ce kowa yana yi. Kant ba zai tambaye shi ko kowa yana yi ba, zai tambaye shi ko yana so kowa ya yi. Yana so mai manja ya zuba rini a manjan da uwargida za ta saya? Yana so mai kemis ya goge ranar lalacewar maganin jikansa, domin shi ma yana da iyali? In bai so ba, to abin da yake nema shi ne kowa ya riƙe gaskiya ban da shi.

Gwaji na biyu na Kant ya fi sauƙin ɗauka zuwa kasuwa. Ya ce kada a mai da mutum kayan aiki kawai. Ga yadda muka sa shi a bakin Baba: za ka iya gaya wa mai saye cewa shekaranjiya ka yayyafa Sniper? Ya ce in ya faɗa ba mai saye. Muka ce to cinikin nan bai tsaya ba sai a kan rashin saninsa. Ba yardarsa ka samu ba, jahilcinsa ka yi amfani da shi.

Shi ma wannan ma'auni yana da nasa. Kant ya tsananta har ya rubuta a 1797 cewa ko mai kisa ne ya tambaye ka inda abokinka ya ɓuya, ba ka da izinin yi masa ƙarya. Mutane kaɗan ne za su bi shi har can. Kuma ya iya gaya wa Baba abin da ba zai yi ba, amma bai gaya masa yadda zai biya kuɗin makaranta ba.

Na uku ya girmi sauran biyun. Aristotal na ƙasar Girka, wanda ya rasu shekara 322 kafin haihuwar Almasihu, bai fara da tambayar wane aiki ne daidai ba, sai da tambayar wane irin mutum kake zama. A ganinsa hali ba gado ba ne, sabo ne. Yadda magini yake zama magini ta wurin yin gini, haka mai gaskiya yake zama mai gaskiya ta wurin maimaita ta. Mu Hausawa mukan ce hali zanen dutse, sai dai mun manta cewa shi zanen da kaɗan-kaɗan ake yinsa. Wanda ya yayyafa magani bana da fargaba, baɗi ba zai zo wurin Malam da tambaya ba.

Wannan ma'auni ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Wani Bature masanin Hausa, Antoni Kak-Girin, ya wallafa nazari a 1974 a kan abin da Bahaushe ke nufi da mutumin kirki, ya lissafa halaye 10, gaskiya da amana a kan gaba, har da kunya da mutunci da adalci. Fataken goro da suka yi ta zirga-zirga tsakanin Kano da Gwanja a kan amana suka yi fataucinsu. Haka cinikin shanu a Sabo ta Ibadan, inda mahauta ke karɓar shanu bashi, maigida ya tsaya wa baƙonsa da sunansa. Har yau a Dawanau ana tura kayan miliyoyi da magana ta waya kawai.

Sai dai a nan ma akwai rami. Amanar kasuwa takan tsaya ne a kan wanda ya san ka, wanda zai iya ɓata maka suna. Mutum yana iya zama mai cika alkawari ga dillalinsa, bai taɓa cin kwabon abokin ciniki ba, ana yabonsa a gari, amma yana aika guba ga wanda ba zai taɓa sanin sunansa ba. Baba mutumin kirki ne, dukan ikilisiya shaida ce. Kirkin nasa ne bai saba tafiya har Anacha ba.

To, a kan zancen magani ma'aunan nan uku bakinsu ɗaya, muddin an kawo mai cin waken an zaunar da shi a wurin cinikin. Muka gaya wa Baba a fili cewa ba dabara ba ce. Mun kuma lura cewa shi ma ya sani tun kafin ya zo. Abin da ya yi masa wuya ba sanin ba ne, hasarar ce.

Inda ma'aunan suka rabu

Kada mai karatu ya ɗauka kullum haka abin yake da sauƙi. Baba da kansa ya juyo mana da tambaya. Ya ce, "To Malam, ita ajiyar fa? Na saya hannun talaka da araha, zan sayar da tsada sa'ad da rumbunsa ya ƙare. Ita ma sai in bari?"

Wannan tambaya ta fi shekara 2,000. Sisero, ɗan siyasar Roma, ya kawo misalinta a littafin da ya rubuta shekara 44 kafin haihuwar Almasihu. Ana yunwa a tsibirin Rodusa, hatsi ya yi tsada. Wani falke ya iso da jirgi cike da hatsi daga Iskandariya, ya kuwa san akwai wasu jirage a bayansa da za su iso ba da jimawa ba. Ya gaya wa mutanen gari, farashi ya faɗi, ko ya yi shiru ya sayar da tsada? Sisero ya kawo masana biyu, ɗaya ya ce bai yi ƙarya ba don haka ba shi da laifi, ɗaya ya ce shirun nasa cin amanar 'yan'uwansa mutane ne. Sisero ya goyi bayan a faɗa.

Bayan shekara fiye da 1,000 sai Toma Akwinas, babban malamin ikilisiya wanda ya rasu a 1274, ya sake ɗauko misalin, ya raba shi gida biyu. Game da jiragen da ke tafe, ya ce falken da ya sayar a farashin da ya tarar bai yi rashin adalci ba, ko da yake in ya faɗa ko ya rage kuɗin ya fi nagarta. Amma game da ɓoyayyen aibu a jikin kayan, wanda zai jawo wa mai saye haɗari ko hasara, ya ce dole ne a bayyana. Cikin misalan da ya bayar har da gurgun doki, da gidan da ke shirin rushewa, da abinci ruɓaɓɓe ko mai guba. Sai ka ce buhunan Baba ya gani.

Mu a namu ganin, rabon nan na Akwinas yana da amfani ƙwarai ga mai ajiyar hatsi. Sanin kasuwa, da haƙurin jira, da ɗaukar kasadar ƙwaro da faɗuwar farashi, aiki ne, ribarsa kuma halal ce. In ba masu ajiya, da wake ya yi arahar banza da kaka ya ɓace da bazara. Yusufu ma a Masar tara hatsi ya yi a shekarun ƙoshi. Amma iyakar tana da sirantaka. A watan Fabrairu 2024, sa'ad da tsadar abinci ta tsananta bayan cire tallafin man fetur a 2023, hukumar karɓar ƙorafe-ƙorafe da yaƙi da cin hanci ta Jihar Kano a ƙarƙashin Muhuyi Magaji Rimingado ta rufe rumbunan ajiya 10 a yankin Dawanau bisa zargin ɓoye kayan abinci. 'Yan kasuwar suka musa, suka ce ajiya da rarrabawa ita ce sana'arsu. Daga waje, ɗakin mai ajiya da ɗakin mai ɓoyewa kamarsu ɗaya. Mai lissafin sakamako zai iya kare kowane ɓangare, mai bin wajibi kuwa zai ce ba wanda ya yi ƙarya.

Inda muke ganin ajiya ta zama zalunci shi ne sa'ad da masu kaya suka haɗa baki suka riƙe domin su ƙirƙiro ƙarancin da babu shi, ko mutum ya rantse ba shi da kaya alhali ɗakinsa cike yake, ko kuwa ya ba maƙwabcinsa buhu ɗaya da damina a kan ya biya biyu da kaka. Wannan na ƙarshe yana nan a ƙauyukanmu, har a tsakanin waɗanda ke zama a benci ɗaya ranar Lahadi. Ba mu ce kowa zai yarda da inda muka ja layin ba. Wani dattijon ikilisiya ya ce mana mun yi sassauci, wani kuma ya ce mun shiga abin da ba mu sani ba tun da ba mu taɓa sayen buhu ba. Na biyun yana da 'yar gaskiyarsa.

Zancen mudu ba ya bukatar dogon bayani. Kwanon saye daban na sayarwa daban, bubbuge gindin kwano, zuba mai kyau a bakin buhu a cusa tsohon wake da tsakuwa a tsakiya, duk wanda ke yi ya san sunan abin. Annabi Amos ya tsauta wa 'yan kasuwar zamaninsa a kan rage mudu, maƙwabtanmu Musulmi kuma suna da sura guda a Alƙur'ani a kan masu tauye awo, suna kuma kiran gauraya kaya algus. A kan wannan ba mu da saɓani da su ko kaɗan, kasuwa ɗaya muke ci.

Laifin da ke wuyanmu

Ba daidai ba ne mu ɗora wa ɗan kasuwa kayan duka. Mu masu saye fa? Iyayenmu na zumuntar mata in sun je sayen waken taro a watan Yuni sukan ture duk wanda ke da ɗan huji, su zaɓi mai sheƙi wanda ko ƙuda ba ya sauka a kansa, ba tare da sun tambayi dalili ba. Wata bakwai bayan girbi, wake ba ƙwaro ko ɗaya, ai tambaya ta kama: a ina aka ajiye shi, da me? Muddin mai saye yana hukunta huji yana kyale guba, shi ma yana tura mai sayarwa wurin kwalba.

Mu ma'aikatan ikilisiya kuma, ranar godiyar kaka mukan sa a yi wa mai buhu biyar tafi, ba mu taɓa tambayar yadda buhunan suka samu ba. Mukan yi wa'azi a kan giya da zina, amma shekara takan zagayo ba a ambaci kwanon awo daga bagade ba, alhali kwana shida na mako a kasuwa da gona mutanenmu suke yinsu.

Abin da Baba ya yi

Akwai hanyar da ba ta bukatar magani. Masana na Jami'ar Purdue ta Amurka, tare da abokan aikinsu a arewacin Kamaru, sun gano tun wajen ƙarshen shekarun 1980 cewa in aka hana ƙwaro iska, ci da haihuwa sun tsaya. Daga nan aka samo buhun PICS, wanda aka fara yaɗawa a Afirka ta Yamma a 2007, ana kuma yinsa a Kano. Leda biyu ne masu kauri a ciki, da buhun saƙa a waje. Sharaɗinsa shi ne waken ya bushe sarai, a duba ledojin kada a sami huda, a matse iska a ɗaure kowace leda daban, a ɗora a kan katako nesa da ɓera, kada kuma a riƙa buɗewa. Ko wake ya riga ya fara ƙwari, ɓarnar takan tsaya inda ta kai. Duro ko jarka mai murfi da ke toshe iska su ma haka suke aiki. Masu amfani da ƙwayar Phostoxin kuwa su sani iskar da take fitarwa tana kisa, ba a sa ta a ɗakin da mutane ke kwana ko kusa da shi, ba a kuma barin garinta cikin hatsi.

Baba ya kwance buhunansa duka. Shi da 'ya'yansa suka shanya waken a kan tamfal cikin ranar Maris, suka tankaɗe, suka tsince. Ya tsira da buhu 24, ya zuba su a buhunan PICS da ya sayo bayan ya sayar da akuya. Wajen buhu huɗu masu huji ya sayar wa masu kiwo da rahusa, ya kuma faɗa masu abin da suke saye. Sauran ya tafi a gari da ƙwari.

Ba za mu ce maku ya ci riba ba. Da ya sayar a watan Yuni, ya mayar wa uwargida kuɗin adashenta, abin da ya rage bai kai kuɗin bijimai biyu ba. Ɗaya daga cikin yaran ya yi mako uku a gida kafin a kammala biyan kuɗin zango. Uwargida ta gaya mana a gabansa cewa, "Malam, kun ba shi shawara mai kyau, amma ba ku ne kuka yi tuwon ba." Sa'ad da ya gaya wa dillali cewa wakensa ba magani, dillalin ya yi dariya ya ce kowa haka yake faɗa, bai ƙara masa ko kwabo ba.

Da kakar da ta biyo, shi da wasu masu bi huɗu suka haɗa kuɗi suka sayi buhunan a sari, suka kuma yi shawara kowa ya rubuta ranar ɗauri a jikin nasa, ko wata rana a sami mai saye da zai tambaya. Jarin Baba buhu 18 kawai ya iya saye. Ledojin kuwa tun watan Oktoba ya tanade su, kafin a fara roro, ya rataye su a rufin ɗaki inda ɓera ba ya kaiwa.